Ƙungiyar 'yan keke da ba ta jiran sabon shiga ba za ta daɗe ba

Daga Birnin Konni zuwa Malbaza da Ilela, keke ba baƙo ba ne. Manomi na hawansa zuwa fadamar Maggiya, ɗalibi na zuwa makaranta da shi, ɗan kasuwa na ɗaure masa buhun albasar Galmi. Abin da ya kamata a ƙarfafa yanzu shi ne fita tare: mutum goma ko ashirin su haɗu bayan sallar asuba, su tuƙa don lafiyar jiki da zumunci. A ganina, ba a auna irin wannan ƙungiya da gudun gwanayenta. Ana auna ta da yadda take karɓar wanda ya zo yau da tsohon kekensa, bai san kowa ba, yana tsoron a bar shi a baya.

Hujjar farko tana kan titi. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai zuwa Damagaram, ta ratsa Konni da Tsarnawa da Malbaza da Galmi, kuma a Tsarnawa ce hanyar Tawa ta rabu ta bi ta Badagishiri. Manyan motocin siminti da na albasa ba sa ɗaukewa a kanta. Mai keke shi kaɗai na iya ɓace wa direba, amma jerin mutum goma sha biyar tun daga nesa ake hango shi. A cikin jerin ne kuma sabon shiga ke koyon abin da ba a koyo a gida: riƙe hannun dama, nuna rami da hannu, barin tazara, da guje wa kama birki ba zato. Wanda ke bin bayan wani ma yana samun sauƙin iska, har ƙarfin da yake kashewa ya ragu sosai. Ayarin fatake na da haka yake, akwai jagaba a gaba, akwai mai kula da baya, mai rauni kuma a tsakiya.

Gwanaye za su ce jiran baƙo na rage musu gudu, kuma wanda ba shi da keken tsere ya bari sai ya saya. Maganin na farko mai sauƙi ne: a raba fitar gida biyu, a tashi tare, masu ƙarfi su yi nisa, sauran su juya tare da ja-gora ɗaya, a sake haɗuwa wurin mai shayi. Na biyun kuwa kuskure ne, domin sharaɗin keke mai tsada zai kori mafi yawan matasan yankin. Burkina Faso na gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987, Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga a Tour de France a 2024, Kigali kuma ta karɓi gasar keke ta duniya a 2025, karon farko a Afirka. Gwanaye irin su Girmay daga cikin mahaya masu yawa suke fitowa, don haka ƙungiyar da ta rufe ƙofa ta yanke tushenta.

Wasu kuma za su kawo zafin rana da haɗarin hanya, har da kunyar a ga magidanci mai babur ya koma keke. Zafin Afrilu da Mayu gaskiya ne, shi ya sa a fita da sanyin safiya, kowa da gorar ruwa. Haɗari ma gaskiya ne, kuma shi ne ke wajabta doka: layi ɗaya, hular kwano, duba birki da taya kafin tashi, a bi hanyar da aka sani, ban da tafiyar dare. Kunya kuwa ba ta maganin hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, abin da fita biyu za su iya cikawa.

Ranar 3 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018. Hukumomin Konni da Malbaza da Ilela na iya haɗa kai da matasa da masu gyaran keke su shirya gajeriyar fita a ranar, bisa sharaɗi ɗaya: kowane irin keke ya zo, kuma ba a watsewa sai na ƙarshe ya iso.