Zullumin damana bai cika rumbu

Ƴan uwa manoma, in watan shida ya kama ruwa bai sauka ba, kowa ya san abin da ke faruwa a garuruwanmu. Maigida ya kasa barci, yana fita tsakar dare duban gabas. Tuwo ya daina yi masa daɗi. Ƙaramar magana sai ta zama faɗa da uwargida. Wannan shi ne zullumi, kuma ciwo ne, ko da ba ya fitar da jini.

Tsoron nan yana da dalili. Dattawanmu sun ga farin 1973. Sun ga na 1984, wanda aka sa wa suna El Buhari. Yunwar 2005 ta ci yara da yawa a jihar Maraɗi. Yashi yana cike tabkin Madarumfa. Tun da aka gina madatsar Jibiya, gulbi ba ya malala fadama kamar da. Wanda ya ce kada a damu, bai yi gaskiya ba.

Amma a ganina, zullumin da mutum ya ɓoye a cikinsa ya fi fari saurin talauta gida. Shi ke sa a sayar da hatsi tun yana gona, a kan kuɗi kaɗan. Shi ke sa a sare gawo a kai kasuwa. Shi ke sa a jinginar da gonar gado.

Ku tuna abin da ya biyo bayan 1984. Manoman Maraɗi suka fara sassaben zamani: in an zo sharar gona, a bar tohon kututture, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a datse sauran. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Da wannan dabara itatuwa suka komo a gonaki wajen hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Waɗannan mutane su ma tsoro suke ji, sai dai sun ba tsoron aikin yi.

To, kada ka kwana da damuwa kai kaɗai. Faɗa wa maƙwabcinka, kawo ta taron ƙungiya, a yi shawarar bankin hatsi da iri mai saurin nuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In rashin barci da faɗuwar gaba sun daɗe, je likita, babu kunya a ciki.

Ruwa na Allah ne, tohon da ke gonarka kuwa yana hannunka. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.