Aikin Gayyar Baƙon Yini Ɗaya

Makarantun Turai da Amurka sun daɗe suna shirya wa ɗalibansu wata irin tafiya, yanzu kuma makarantun kuɗi da ƙungiyoyin ɗalibai a manyan biranenmu sun fara kwaikwayonta. A kwashi samari da 'yan mata lokacin hutu, a kai su wata ƙasa ko wani ƙauye mai nisa, su buɗe ido, su kuma yi wa mutanen wurin ɗan aikin taimako: dashen itatuwa, shafa wa aji fenti, rabon littattafai. Ba na musun kyawun niyyar. Inda nake da ja shi ne wajen lissafi, domin idan an dawo gida, labarin da ake bayarwa shi ne ɗalibai sun je sun bayar, ƙauye ya karɓa. Ni kuwa a ganina, a mafi yawan irin wannan tafiya, ƙauyen ne ke bayarwa, kuma ba a ko rubuta masa.

Mu ɗora irin wannan yini a Issawane, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, ta ɓangaren Tasawa. Ƙasa ce ta rairayi, ta gero da wake, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Babban hutun makarantu yana faɗowa ne cikin daminar, kuma ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kan Nijar, ita ce ranar dashen itatuwa ta ƙasa. Saboda haka duk wanda ya zauna a ofis yana tsara wa ɗalibai aiki, dashe ne zai fara zo masa a rai.

To amma me Agusta take nufi ga mai gida a Issawane? Wata ne da rumbu ya kusa ganin gindinsa, sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa, ciyawa kuma ba ta jiran kowa. A irin wannan lokaci ne saƙo zai iso wa mai gari cewa gobe akwai baƙi. Tun da asuba mata sun yi sammakon rijiya, an surfa gero, an dama hura, an kama zabin da aka ajiye don wata lalura. Magidanta sun jingine hauya, sun sa riguna masu tsabta, sun zauna ƙarƙashin inuwa suna duban hanya. Motar ba za ta iso ba sai hantsi ya dubi ludayi. Sai gaisuwa, sai jawabin shugaban tawaga, sai jawabin godiya. Kafin a kai ga filin dashe rana ta take.

A filin, ramukan ma an riga an haƙa su tun jiya, samarin gari ne suka haƙa. Ɗaliba za ta tsuguna, ta yage baƙar ledar da ke gindin ɗan dashen, ta sa shi a rami, ta tura ƙasa da tafin hannu, ƙawarta ta ɗauke ta hoto. Wani dattijo yana tsaye yana kallo, ya ga an bar gindin a sake, ba zai ce komai ba. Sai an matsa gaba ya zo ya danne ƙasar da diddige. Idan ɗaya daga cikin samarin ya juyo ya ce, "Baba, yaya ka gani?" amsar da zai samu ita ce, "Madalla, yaro, Allah ya yi muku albarka." Kuma har zuciyarsa ya faɗa. Bahaushe ba ya kushe wa baƙo aikinsa a gaban idonsa, wannan ce ta sa masu shirya tafiyar ba sa taɓa jin gaskiyar abin da ya biyo baya. Kafin la'asar mota ta juya, saboda hanya da kuma dokar tsaro.

Abin da ya biyo baya yana zuwa ne bayan kaka. Ruwan sama ya ɗauke, an saki dabbobi cikin gonaki, akuya kuwa ba ta san an yi jawabi a kan wannan ganye ba. Sai an yi wa kowane dashe shingen ƙaya. Sai an ba shi ruwa tsawon rani da bazara, a wurin da ruwan sha kansa da guga ake jawo shi daga rijiya mai zurfi. Wa zai yi? Yarinyar da tun farko take yi wa gidansu ɗiban ruwa, ita za a ƙara wa tulu. Idan dashen ya mutu, kuma yawanci yakan mutu, sai ka ji wani a birni yana cewa mutanen ƙauye ba sa kula da abin da aka yi musu.

Abin takaicin shi ne, a wannan jiha ta Maraɗi aka koya wa duniya cewa ba da irin wannan dashe ake mayar da itace gona ba. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zo aiki da mishan ta SIM a farkon shekarun 1980, shi ma da dashe ya fara, yana rarraba ƙananan itatuwan dashe a ƙauyuka, akasarinsu suna mutuwa. A 1983, ya tsaya a hanya don rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyayi ne kawai. Da ya duba ganyen, ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar leda ko ban ruwa. Manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan, ya sassabe sauran, ya kare su. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoman yankin. Abin da ya sa aka yi watsi da ita har da tsohuwar dokar gandun daji, wadda ta mayar da itace mallakar gwamnati, har mutum na iya shan tara a kan reshen da ya sara a gonarsa. Wa zai reni abin da ba nasa ba?

Ko da aka gane dabarar, ba a yini ɗaya ta zauna ba. A yunwar 1984 an haɗa ta da rabon abinci, manoma suka bar itatuwa a gonakinsu, da abincin ya ƙare da yawa suka sare. Waɗanda suka bari suka ga amfanin: itacen girki a kusa, ganyen gawo yana zuba ya zama taki, iska ba ta binne shuka. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Masu bincike da suka duba hotunan tauraron ɗan adam daga baya sun ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Rinaudo ya yi shekaru fiye da goma sha biyar a Nijar, ya iya Hausa, a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Amma hannuwan da suka yi aikin na manoma ne, irin dattijon da ya danne ƙasa da diddige. Wannan mutum ne ake kawo wa yaro ɗan shekara goma sha tara ya nuna masa yadda ake dasa itace.

Ba ina cewa baƙo ba shi da amfani ba. 'Yan sa-kai na Amurka, wato Peace Corps, sun yi aiki a Nijar daga 1962 har zuwa Janairun 2011, lokacin da aka kwashe su bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Akan yi musu suka, wasu sukan kuma da gaskiyarsu, amma tsarinsu ya fahimci abu ɗaya: shekara biyu mutum yake yi, a ɗakin ƙasa, yana koyon harshe, yana cin abin da ake ci. A watannin farko ba ya tsinana wa kowa komai, gari ne ke renonsa. Wanda ya ga bazara da idonsa ba zai kawo shawarar da ke bukatar ruwa ba tare da ya yi tunani sau biyu ba. Tun daga 2011 ɗin matsalar tsaro ta rage zuwan ɗaliban Turawa wannan yanki ƙwarai, saboda haka maganar yanzu ta fi shafar namu: ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da na Katsina da Kano waɗanda tsallaka iyaka ta Jibiya zuwa Ɗan Isa ya mayar da su 'yan ƙasar waje, ko da yake harshe ɗaya ne, sau da yawa ma dangi ɗaya. Abin kunya ne ɗan Bahaushe ya shiga ƙauyen Hausa da idon ɗan yawon buɗe ido, yana ɗaukar yaran mutane hoto ba izini, yana sawa a Facebook da rubutun tausayi a ƙasa. Da wani ya yi wa ƙanensa haka a unguwarsu, da an ji su.

Mu da muke da gayya ba mu da uzurin rashin sanin yadda ake aikin taimako. A gayya, mai gona ne ke kira, shi ke faɗin ranar, shi ke nuna inda za a kama. Kuma bashi ce, gobe kai ma za a zo maka. Ko Samariya, ƙungiyar samarin Nijar ta zamanin Shugaba Seyni Kountché, duk da siyasar da aka cusa mata, 'yan gari ne suke gina ajin da ƙannensu za su zauna, suna nan kuma idan katangar ta tsage. Tafiyar ɗalibai ta juya wannan tsari. Baƙo ke zaɓen rana, baƙo ke zaɓen aiki, sannan baƙo ke karɓar godiya da takardar shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sau nawa ake tambayarsa kafin a sayi fenti?

Ba a soke tafiyar nake so ba, domin ɗalibin da bai taɓa kwana a ƙauye ba, gobe shi ne zai zama injiniyan noma ko likita ko mai tsara kasafin kuɗin da ya shafi Issawane. Gara ya je. Sai dai ya je da sunan abin da ya kai shi, wato koyo, a kuma ɗauki mutanen gari a matsayin malamai. Malami kuwa ana biyansa. A sa kuɗin hura da zabi cikin kasafin tafiyar, a ba matan da suka yi girki haƙƙinsu a hannu, a biya manomin da ya bar gonarsa ya zagaya da ɗalibai yana nuna musu yadda ake zaɓen reshe. Idan akwai gini ko fenti, a ba maginin gari kwangilar, ɗalibai su zama masu miƙa masa bulo, domin aikin da suka yi kyauta abincin wani ne suka ɗauke. Idan kuma an yi tambayoyi an rubuta rahoto, a dawo da shi a karanta wa mutane da Hausa a ƙofar mai gari, su ji abin da aka faɗa a kansu, su gyara inda aka yi kuskure.

Sai batun lokaci. Duk makarantar da ta dage sai ta yi dashe a Agusta, ta sa hannu cewa tawagar za ta koma a Afrilu, a tsakiyar zafin bazara, ta ƙirga abin da ya rayu, ta kuma yi mako guda tana jan guga tare da 'yan matan da aka bar wa aikin. Adadin da aka samu a Afrilun shi za a rubuta a rahoton shekara, kusa da adadin da aka dasa.