Yaran da kuke turawa dambe, wa ke tsaya musu a kotu?

Zan faɗi maganar nan ko da za a ce na tona asirin gida. Wani yaro ɗan unguwarmu a nan Dirin Daji ya bi wani mai gida zuwa taron mazaɓa, rigima ta kaure, ya ɗaga sanda ya karya wa wani hannu. Da aka kama shi, mai gidan ya aiko masa cewa ya kwantar da hankali, in an je kotu ya amsa laifi kawai, tara ce, za a biya. Ya amsa. Aka yanke masa zaman gidan yari, wayar mai gida kuma ta daina shiga. Uwarsa ce ta sayar da awaki tana jigilar abinci.

Ku ƴan uwana matasa, da ku nake. Yawancinku kun ɗauka sai jini ya zuba ake laifi. A dokar Final Kod da Arewa ke aiki da ita tun 1960, ka ɗaga hannu ko sanda har mutum ya tsorata cewa za ka buge shi, laifi ne ko ba ka taɓa shi ba. In ka ji masa rauni, wani mataki ne. In ka karya ƙashi ko haƙori, ko ka lalata ido, ka shiga babban rauni, kuma nan maganar shekaru ake yi. Makami yana ƙara nauyin hukunci.

To, "ai shi ya fara zagina" fa? Wallahi wannan ba ta wanke kowa. Tunzurawa mai tsanani ta nan take tana iya rage hukunci, iyakarta ke nan. Kare kai kuwa haƙƙi ne na gaskiya, doka ta yarda ka kare jikinka, da na wani, da dukiyarka. Amma da sharaɗi. Kada ka wuce abin da ya wajaba, kuma da haɗarin ya gushe, haƙƙin ya ƙare. An mare ka da rana, ka koma gida ka ɗauko adda da dare, wannan ramuwa ce, kuma alƙali zai kira ta da sunanta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, yaron nan yana da mafita, ba wanda ya nuna masa. Shaidu sun ga mutum uku sun rutsa shi kafin ya ɗaga sandar. Da ya musanta, da mai gabatar da ƙara ne zai sha aikin kawo hujja, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar. Sashen ya kuma ba shi tafinta kyauta in Dakarkanci ya fi ji. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar ƴan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko ƙane a madadin wanda ake nema. Beli kyauta ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar Legal Aid tun 1976, kuma sulhu da wanda aka ji wa ciwo hanya ce a ƙananan laifuka. Duk wannan ya tafi a banza da kalma ɗaya: "Na aikata."

Ku kuma manyanmu, da na wancan ɓangare da na namu, kuna da kuɗin fosta da na mai da na maroƙa. Lauya ɗaya da zai riƙa zagayawa tsakanin Dirin Daji da Zuru ya gagare ku? A taron shugabannin ƙaramar hukumar Sakaba mai zuwa zan miƙe in nemi a sa wannan a rubuce, kuma duk wanda ya ƙi, zan dawo shafin nan in faɗi dalilin da ya bayar.