Waiwaye: Awannin da Na Ƙirga, da Waɗanda Suka Kuɓuce Mini

A cikin ayyukan da na taɓa yi a shekarun da na zauna a jihar Ohayo ta Amurka, wanda ya fi sa ni jin nauyi idan na tuna shi ne aikin magatakardan majalisar rediyo. Ba wanda ya ɗora mini. Ni na ɗaga hannu a taro na ce zan iya, don ni ne ƙaramin cikinsu, ni ne kuma mai sabuwar kwamfuta.

Bari in ɗan share fage, don mu abin da muka sani game da rediyo saurare ne. Mun tashi mun tarar da iyayenmu suna murɗa akwati da asuba suna laluben mita 19 ko 25. To akwai wata duniya ta masu rediyon sha'awa, mutanen da hukuma ke ba lasisi su yi magana da junansu ta iska da na'urorin da suka saya da kuɗinsu, daga 'yar oba-oba ta hannu har zuwa manyan akwatuna masu eriya a saman rufi. A Amurka sun haura 700,000. Jarrabawar matakin farko tambaya 35 ce, ka ci 26 a ba ka lambar kira, wadda da ita za a san ka a iska. Kowace ƙasa da harafinta: lambobin Najeriya da 5N suke farawa, na Nijar da 5U. Doka ta hana mai wannan lasisi ya karɓi ko sisi a kan maganar da ya yi ta rediyonsa.

Abin da suke kira net, ni majalisa nake ce masa, don bai da maraba da majalisar ƙofar gida sai dai ba a ganin juna. Ana sa rana da lokaci da zango. Mutum ɗaya ya ja ragama, ya buɗe zama, ya yi kira, kowa ya faɗi lambarsa da garin da yake. Tamu kowace Talata ce da ƙarfe takwas na dare. Wanda bai sani ba zai ce hira ce kawai ta tsofaffi, a yi zancen yanayi da eriyar wane da iska ta karya. Amma atisaye ne. Ana koyon yin shiru har a kira ka, da faɗin magana a taƙaice, saboda ranar da wayoyi za su mutu.

Aikina shi ne in rubuta wanda ya shigo, ƙarshen wata kuma in haɗa rahoto. Da manhajar NetLogger nake yi. Kana buga lambar kiran mutum sai sunansa da garinsu su fito, kowa kuma yana kallon jerin daga gidansa ta intanet. A daidai wannan lokacin ne ƙungiyar ARRL, uwar masu wannan harka a Amurka tun 1914, ta fito da wani tsari mai suna ARES Connect domin sashenta na agajin gaggawa, wanda shi ma ya samo asali tun 1935. Kafin nan fom ake cikewa, mai lamba FSD-212, jami'in gunduma ya tura wa na jiha, na jiha ya tura hedkwata a Newington ta jihar Konetikat. Da zuwan sabon tsarin kuwa sai kowane zama ya zama yana da gurbinsa a kwamfuta, a zuba masa awanni, jimla ta fito da kanta.

Mai karatu zai ce, tun da ba biyan kowa ake yi ba, ƙirgar ta mece ce? Ni ma na tambaya. Zangunan da masu rediyon sha'awa ke amfani da su dukiya ce da kamfanonin sadarwa ke haɗiyar yawu a kanta, kuma idan an je gaban 'yan majalisar dokoki ana kare su, alƙaluma ake nunawa. Sannan idan bala'i ya auku, gwamnatin tarayya ta hannun hukumar FEMA takan ɗauki aƙalla kashi 75 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen aikin, sauran ya faɗa kan jiha da ƙaramar hukuma. Aikin da 'yan sa-kai suka yi kyauta ana iya ƙiyasta shi a rage wannan sauran, amma da sharaɗin a kawo takarda mai sunan mutum, da awannin da ya yi, da wurin, da irin aikin. Akwai ma wata ƙungiya, Independent Sector, da ke fitar da farashin awa ɗaya ta aikin sa-kai kowace shekara. A 2019 dala 25.43 ta ce.

Lissafina mai sauƙi ne, har ina alfahari da shi. Mutum talatin sun shigo, zama ya yi awa ɗaya, awa talatin ke nan. In ka buga da wancan farashi, sama da dala 760 a dare guda. Wata na farko da na karanta jimlar a taro har tafi aka yi mini.

Akwai wani dattijo a cikinmu, ya ba saba'in baya, wanda ya fara wannan harka tun zamanin da doka ta wajabta wa kowa ya ajiye littafin duk maganar da ya yi. Tun farkon shekarun 1980 hukumar FCC ta sauke wannan wajibci, shi dai bai sauke ba. Littafi mai layi-layi da fensir, da agogo a gabansa. Baba nake ce masa, ya kuma karɓi sunan bayan na yi masa bayanin abin da yake nufi a wajenmu. Da aka tashi daga taron sai ya ja ni gefe.

"Ɗan samari, mutumin nan da ke shigowa daga mota ya ce a rubuta shi zai wuce, awa nawa ka ba shi?"

Na ce, "Awa ɗaya, Baba, kamar kowa."

"Minti nawa ya yi?"

Bai kai biyu ba. Kuma irinsa sun kai rabin majalisar: a faɗi lamba, a kashe rediyo, a koma gaban talabijin. Manhajar tana da wurin yi wa mutum alamar ya fita, ni ne ban taɓa kula da shi ba. Na kare kaina da cewa haka kowa ke yi, wanda kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don wasu majalisun ninkawa suke yi, wasu kuma awar mai jan ragama kaɗai suke sawa, sai a tara duka a kwando ɗaya a kai sama. Baba bai yi musu da ni ba. Cewa kawai ya yi in je in karanta yadda ake ba da maki a jerin girmamawa da mujallar QST ke bugawa kowane wata.

Na karanta, jikina ya yi sanyi. Halartar zama ɗaya maki ɗaya ne tak, ko minti biyu ka yi ko awa biyu, kuma ba a wuce 40 a wata ko da kullum kana kan iska. Aikin gaggawa kuwa maki biyar ne a kowace awa. Sai ka tara 70 sunanka zai fito. Ashe tun kafin a haifi manhajar magabata sun raba mudu biyu, na zuwa daban, na aiki daban. Ni na zo na zuba ƙaiƙayi da tsaba a mudu ɗaya, kwamfuta kuma ta auna mini su da kyau har da ɗigo.

Wani abin dariya ma ya faru a watan Afrilun 2019. Masu rediyo agogon duniya suke bi, wanda ake kira UTC, kuma da bazara yana gaban na Ohayo da awa huɗu. Ƙarfe takwas ɗinmu na daren Talata sha biyun dare ne a can, wato Laraba ta shiga. Zaman 30 ga Afrilu sai ya tsallaka ya faɗa 1 ga Mayu. Na kwana biyu ina neman zama guda da ya ɓace mini.

Na yi niyyar gyarawa, amma ka san halin ɗan Adam da gobe. Azumi ya kama, na ce sai bayan Sallah.

Ranar Litinin 27 ga Mayu, 2019, ranar hutun tunawa da sojojin da suka mutu, muna cikin goman ƙarshe. A can rana kan daɗe ba ta faɗi ba, sai wajen tara saura muke shan ruwa. Ina shirin fita asham bayan ƙarfe goma sai jiniya ta fara kuka. Guguwa ce, irin mai juyawa tana tuge gida daga tushe, kuma ba ɗaya ba ce. Ta ratsa Brookville da Trotwood da arewacin birnin Dayton har Beavercreek. Mafi ƙarfinsu an ba ta mataki na huɗu a ma'aunin da ke tsayawa a biyar. Tsohon zauren Hara Arena, inda aka shafe shekaru ana yin babban taron masu rediyon sha'awa kafin a mayar da shi Xenia a 2017, shi ma ta yaye shi.

Na sauka ɗakin ƙasa da oba-oba a hannu da kwamfuta a hammata. Majalisar masu sa ido kan yanayi, wadda ake kira SKYWARN, ta riga ta buɗe, rahotanni suna tafiya ofishin hasashen yanayi da ke Wilmington. Muryoyin da na saba ji suna raha ranar Talata yau a taƙaice suke magana, kowa kalma biyar ko shida: ga inda nake, ga abin da na gani, ga lokaci. Sai wuta ta ɗauke, intanet ya bi ta. Batirin kwamfutar da ban yi wa caji ba ya ɗan yi numfashi ya mutu. Na lalubo ambulan ɗin takardar kuɗin ruwa na fara rubutu a bayansa da hasken waya, daga baya ma na daina, don hankalina ya koma kan ƙarar da ke saman kaina.

Kwanakin da suka biyo baya su ne aikin. Ruwan famfo ya yanke a wurare da yawa saboda injinan turo shi ba wuta. Mutanenmu wasu suna wuraren da aka tsugunar da waɗanda suka rasa muhalli, wasu suna bin unguwanni suna faɗin titin da itatuwa suka tare, wasu suna tare da motocin rabon ruwa. Akwai fom da aka tanada domin irin wannan rana, ICS-214 na rubuta abin da mutum ya yi da lokacinsa, da ICS-309 na saƙonnin da suka wuce. Tsarin ya samo asali ne daga gobarar daji ta Kalifoniya a 1970, lokacin da hukumomi suka taru a wuri ɗaya kowa da yarensa na aiki. Duk mun yi kwas a kansu. Kwafin da na buga suna cikin jaka a gida, ban raba wa kowa ba, don a raina komai yana cikin kwamfuta.

Da wata ya ƙare jami'in gunduma ya nemi rahoto. Na buɗe jadawalina na zauna ina kallo. Talatocin da aka yi hirar eriya ga su nan ƙosassu, kowace da awa ashirin da wani abu. Makon guguwa kuwa fayau, sai ambulan ɗaya mai lambobi bakwai da ba lokaci a gefensu. Duk wanda ya karanta wannan rahoto zai ɗauka mun fi wahala ranar da muke zaune a kujera.

Shaiɗan ya raya mini in kintata. Wane ai ya yi kwana uku, a ba shi awa talatin, wa zai bincika? Na kira Baba na faɗa masa. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce in zo gida. Na same shi da littafinsa a buɗe. Daren guguwar a ɗakin ƙasa shi ma ya kwana, da fitilar goshi, yana rubuta duk wanda ya ji: lokacin da ya fara magana, da lokacin da ya ce ya sauka. Ya ce, "Abin da ke nan za mu iya rantsuwa a kansa. Sauran ka kira su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tuna ya sa hannu, wanda bai tuna ba ka bar gurbinsa. In suka kama ka da awa ɗaya ta ƙarya, duk na gaskiyar ma sun tashi a banza."

Mako guda na yi ina kiran mutane. Wasu suka duba saƙonnin wayarsu, wasu rasit ɗin mai, da haka muka farfaɗo da abin da ya samu.

Daga watan Yuni na sauya tsari. Adadin waɗanda suka shigo na ba shi layinsa, ba na ninka shi da komai. Awa kuwa sai ga wanda aka san shigarsa da fitarsa da abin da ya yi. Na buga fom na takarda na cusa a jakar kowa tare da fensir, don biro kan daskare da sanyinsu. Jimlarmu ta faɗi ƙasa da rabi, har wani ya yi ƙorafi a taro cewa maƙwabtanmu za su ɗauka mun mutu. Ba a sake yi mini tafi ba. Da aka dakatar da ARES Connect a 2021 mu ba mu girgiza ba, don tun bayan guguwar kowane wata sai na sauke kwafi na ajiye, na kuma buga ɗaya na kai wa Baba ya liƙa a littafinsa.

Har yanzu ina da rahoton watan Mayun nan. A shafi na biyu akwai layin wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda kowa ya shaida ita ce muryar da ke amsawa daga wurin tsugunar da mutane tun daren farko har aka rufe shi. Da na kira ta na ce, "Mama, ƙarfe nawa kika fara, ƙarfe nawa kika tashi?" sai ta yi dariya ta ce ita ba ta duba agogo ba. Na roƙe ta ko kintace ne ta yi. Ta ce a'a, ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba. Gurbin awanninta yana nan babu komai a ciki.