Ƙididdigar da za ta hango Foulatari

Idan hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da sakamakon binciken tamowa, abin da ake yawan ambata game da jihar Diffa adadi ne guda. A cikinsa an cuɗe ɗan manomin tattasai na bakin Komadugu da ɗan makiyayin Foulatari, a gundumar Maine-Soroa, wanda rayuwarsa ta rataya kan rijiya da nonon dabbobi. Ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Akwai dabarar warware wannan cuɗanya, wato lissafi mai hawa-hawa. Yaro yana cikin gida, gida cikin gari, gari cikin ƙaramar hukuma. Dabarar tana auna nawa ne daga bambancin ramar yara ya taso daga gida, nawa daga gari. Yaran da ke shan rijiya ɗaya sukan yi kama da juna, kuma mai binciken da ya ƙirga su tamkar ba abin da ya haɗa su zai yi tinƙaho da tabbacin da bai mallaka ba. Garin da aka auna 'yan gidajensa kaɗan kuwa, dabarar kan aro masa bayani daga sauran garuruwa.

Jami'ar Bristol ta Ingila ta daɗe tana koyar da wannan dabara, kuma manhajar R, da ake yin lissafin da ita, kyauta ce. Horo ne ya rage, kuma bitar 'yan kwanaki a otal a Yamai, da kuɗin zama, ba ta wadatarwa. A ganinmu, Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ita ta dace ta riƙa shirya bita akai-akai da bayanan jihar kanta, ta gayyato ma'aikatan lafiya da na kiwo.