Cin yaƙi ba ya halatta ƙwace gona babu shari'a

A watan Oktoba na 1779, ana tsaka da yaƙin da Amurkawa suka yi don kuɓuta daga mulkin Ingila, majalisar jihar New York ta jera sunayen mutum 59 a cikin doka guda. Ta ce gonakinsu da gidajensu sun koma hannun gwamnati, kuma duk wanda aka sake gani a jihar a cikinsu, hukuncinsa kisa. Ba a kai ko ɗaya gaban alƙali ba, ba a kira shaidu ba. Laifinsu shi ne sun ƙi janye mubaya'arsu ga Sarki George na Uku. Har mata uku aka sa a jerin, biyu daga cikinsu 'yan gidan Philipse ne, don kawai filayen gado suna hannunsu. Ɗan'uwansu Frederick Philipse, mai eka kusan 52,000 a bakin kogin Hudson, ya rasa komai, ya rasu a garin Chester na Ingila a 1785.

Ina ganin an zalunce su, duk da cewa gaskiya tana tare da masu neman 'yanci a asalin rigimar. Za a ce ai mutanen nan abokan gaba suka bi, wasunsu ma sun ɗauki bindiga, kuma gwamnatin da ke yaƙi tana bukatar kuɗi. Haka ne. Amma wanda ya ci amanar ƙasa kotu ake kai shi, a karanta masa tuhuma, ya kare kansa. Idan 'yan majalisa suka zama su ne masu ƙara, su ne alƙalai, wasu lokutan kuma su da abokansu ne masu sayen kayan da aka ƙwace, to an bar kura da gadin akuya. Amurkawan da kansu sun gane haka, domin tsarin mulkin da suka rubuta a 1787 ya haramta wa majalisar tarayya da ta jihohi yin dokar da za ta hukunta mutum da sunansa ba tare da shari'a ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: cewa rushe manyan gandayen ya amfani talaka. A filayen Philipse, lallai manoma da yawa da suka daɗe suna biyan haya sun sayi gonakin da suke nomawa, kuma wannan alheri ne. Sai dai ba kyauta aka raba ba, sayarwa aka yi, mai kuɗi a hannu shi ya fi kwasa. Sannan yawancin masu biyayya ga sarki ba attajirai ba ne. A cikin kimanin mutum 60,000 da suka bar ƙasar akwai ƙananan manoma, da maƙera, da masu kanti, waɗanda gona ɗaya ko shago ɗaya ne duk abin da suka mallaka.

Su ne kuma aka yasar a ƙarshe. Yarjejeniyar Paris ta 1783 ba ta tilasta mayar da dukiya ba, ta dai ce majalisar tarayya ta roƙi jihohi, jihohin kuma galibi suka yi kunnen uwar shegu. Ingila ta kafa kwamitin biyan diyya, aka karɓi koke 3,225 na kusan fam miliyan 10, aka biya kimanin miliyan 3. Amma galibi sai mai takardun fili da shaidu da kuɗin tafiya ke iya kai kokensa. Baƙaƙen fata kusan 3,000 da suka gudu daga bauta suka bi Ingila an yi musu alkawarin gonaki a Nova Scotia, da yawansu suka jira shekaru, wasu aka ba su tsandauri. A 1792 kusan 1,200 suka haƙura suka hau jirgi zuwa Saliyo, suka kafa Freetown. Amurka ta ƙwace babu shari'a, Ingila ta biya manya ta manta da ƙanana, kuma duk su biyun suna da alhakin mutanen nan a wuyansu.