Sabuwar Ƙwallon Boling: Wa Take Ƙara Wa Maki?

A Amurka, inda wasan boling ya yi gida, shekara ba ta ƙarewa sai kamfanoni irin su Brunswick da Storm sun fito da sababbin ƙwallaye, kowace da alkawarin za ta ɗaga makin mai ita. Da yake wasan ya fara leƙo manyan biranenmu, matasanmu kuma suna kallon gwanayensa a intanet, ya dace mu tambaya tun aljihu bai yi kuka ba: sabuwar ƙwallo tana ƙara maki kuwa?

Ga wanda bai san wasan ba, ana gangara ƙwallo ce mai nauyi, wadda ba ta wuce kilo 7.26 ba, a kan doguwar hanya mai santsi ta kimanin mita 18, don a zubar da sanduna goma masu siffar kwalba. Zagaye goma ake yi, kowane da jifa biyu. Wanda ya zubar da goman a jifan farko ya yi sitiraik, wanda kuma ya ƙarasa ragowar a jifa na biyu ya yi abin da za mu kira ciko. Ƙololuwar maki 300 ne, ba a kuma samunsa sai da sitiraik 12 a jere.

Mu ba masu sayarwa haƙƙinsu: ƙwallo tana da tasiri. Da farko da icce mai tauri ake sassaƙa ta, a 1905 aka fito da ta roba, daga baya ta filastik, sannan a farkon shekarun 1990 aka samo wani sinadarin rufi mai tsotse mai. Muhimmancin wannan shi ne, ana shafa mai a wajen kashi biyu cikin uku na hanyar, ƙarshenta kuma a bushe yake. Ƙwallon zamani tana sulɓewa a kan man, da ta taka busasshen wuri sai ta kama ƙasa ta lanƙwaso, ta shiga tsakanin sanda ta ɗaya da ta uku ta gefe idan mai jifan badame ne. Wannan shiga ta gefe ita ke sa sandunan su riƙa kayar da juna. Ƙwallon filastik kuwa miƙe take tafiya, ƙarfinta bai cika ratsa su haka ba.

Saboda haka wanda ya saba jifa da ƙwallayen aro na gidan wasa, ranar da ya mallaki tasa zai ga bambanci. Ramukan ƙwallon aro ba don hannunsa aka huda su ba, sai ya matse yatsu don kada ta kuɓuce, jifansa na yau ya saɓa da na jiya. Tasa kuwa ana auna tafinsa da yatsunsa kafin a huda. Kayan aro ba ya rufe katara. A ganinmu wannan ƙwallo ta farko ta cancanci kuɗinta.

Inda muke rabuwa da masu talla shi ne ƙwallo ta biyu da ta uku da ta huɗu. Mu yi lissafi. Ɗan wasan da ke zubar da sanduna tara a kowane jifan farko, ya kuma ƙarasa ɗayar a jifa na biyu, zai tashi da maki 190 ba tare da sitiraik ko ɗaya ba. Idan kuwa yana kuskure wannan sanda guda a kowane zagaye, 90 kacal zai samu. Maki ɗari cif suna rataye a kan sanda ɗaya tilo, babu kuma rufin zamani da zai saita wa mutum ido a kanta. Abin lura ma, manyan gwanaye da yawa idan za su ɗauke sandar kusurwa sukan ajiye ƙwallonsu mai tsada, su ɗauko ta filastik mai araha, domin miƙewarta suke bukata.

Haka kuma man da ke kan hanya yana da nasa rabon a makin. Gidajen wasa sukan tara shi a tsakiya su rage a gefe, ta yadda jifan da ya kauce zai dawo kan turba. A gasar ƙwararru ana daidaita shi, sai kowane kuskure ya fito fili. A 1982 Glenn Allison ya yi 300 sau uku a jere a Kalifoniya, amma hukumar wasan ta ƙi amincewa da bajintar bisa hujjar yanayin man hanyar bai cika ƙa'ida ba. Wanda ya sayi ƙwallo ya ga makinsa ya hau, ya bincika ko hanyar ce ta yi masa rangwame.

Mu dubi Jason Belmonte na Ostireliya, wanda ya fi kowa lashe manyan kofunan ƙwararru. Iyayensa na da gidan boling, ya fara jifa tun yana ƙaramin da ƙwallo ta fi ƙarfin hannunsa ɗaya, sai ya riƙa turawa da biyu, ya girma a haka. Salon da ya ɗaukaka shi shekarun maimaici ne suka gina shi.

Shawararmu ga mai sha'awar wasan ita ce ya sayi ƙwallo ɗaya da ta dace da hannunsa da ƙarfinsa, ya riƙa goge ta bayan kowane wasa, domin man da take sha yana rage mata kamu. Ragowar kuɗin ya biya sa'o'in atisaye da su, ya sami wanda ya fi shi ya duba masa takunsa da sakinsa, ya kuma riƙa rubuta yawan cikon da ke kuɓuce masa. Ranar da sandar kusurwa ta daina ba shi tsoro, ya iya komawa kanti.